Daga Filin Lilo Zuwa Bakin Gulbi

Jama'a masu sauraronmu a Gusau da Tsafe da Bungudu, da duk inda muryar nan take kaiwa, barkanmu da war haka. Iyaye maza da iyaye mata, sannunku da ɗawainiyar yara. 'Yan makaranta kuma da ke gefen rediyo, ku matso kusa, don zancen yau da ku ake yin sa.

Idan hutu ya zo, ko aka shiga shagalin Sallah, magidanci yakan ɗan tara abin da ya sawwaƙa ya ɗebi iyali zuwa wurin wasan yara. Wani a nan cikin Gusau zai tsaya. Wanda Allah ya hore wa kuma sai ya nufi Kano ko Kaduna ko Abuja, ya sauka gidan ɗan'uwa, a kwana biyu ana yawon buɗe ido. Ranar farko a hau lilo, a hau motocin wasa, a sha askirim, a yi hotuna. Kafin a je ko'ina aljihu ya yi sauƙi, yara kuma sun gama ganin abin gani. To, a irin wannan lokacin ne za a bi ta kan wata gada, babban yaro ya leƙa ta tagar mota ya hango ruwa, ya ce, "Baba, don Allah mu je kamun kifi mana." Sau da yawa ma shi Baban ne abin ke ransa, tun da ya tuna zamanin da yake zuwa fatsa da ƙuruciya, yana dai jiran wanda zai fara furtawa.

Sha'awa ce mai kyau, ba ta da tsada, kuma tana koya wa yaro haƙuri fiye da duk wani lilo. Tambayar ita ce: ina za a je?

Amsata gajeruwa ce. Wurin kamun kifi da baki ake neman sa. Ido zai nuna maka ruwa, taswirar cikin waya ma za ta nuna maka shuɗin zane ta ce ga gulbi nan, amma babu ɗayansu da zai gaya maka zurfinsa, ko wanda ke da iko da shi, ko abin da ya faru a hanyarsa shekaranjiya. Kowane ruwa da mai shi. Wani na masarauta ne, wani na hukuma, wani na mai gona, wani na masuntan da suka gada tun kaka da kakanni. Kafin ka ɗaura ƙugiya, nemi mai ruwan.

Kada wani ya ce wannan ƙa'idar ƙauye ce. A jihar Fulorida ta Amurka akwai katafaren wurin shaƙatawa da ake kira Disney World, wanda aka buɗe a 1971, kuma yana cikin waɗanda suka fi tara baƙi a duniya. A cikin harabarsa akwai tafkuna masu kifi, kuma ana kamun kifi a cikinsu. Sai dai baƙo ba ya zuwa da sandarsa ya zauna inda ya ga dama. Akwai wuraren da aka keɓe, akwai kuma tsarin da za ka biya a haɗa ka da ɗan jagora ya ɗauke ku a ƙaramin jirgin ruwa, ya ba ku kayan aiki, kifin da kuka kama kuma a ɗauki hotonsa a mayar da shi ruwa. Duk da wannan tsari, a watan Yunin 2016 kada ya fizge wani yaro ɗan shekara biyu a bakin ɗaya daga cikin tafkunan, yana wasa a inda ruwa bai wuce idon sawu ba, iyayensa suna nan kusa. Bayan nan ne aka kafa shingaye da allunan gargaɗi. Wurin da aka kashe wa dukiya mai yawa ke nan, ga ma'aikata ko'ina. Ina ga gulbin da babu kowa a bakinsa sai kai da yaranka?

Mu kuwa muna da namu tsarin tun kafin a san wani abu wai shi tikiti. A garuruwan bakin ruwa na ƙasar Hausa akwai Sarkin Ruwa, akwai Sarkawa da sauran masunta. Su suka san gurbin da ke da zurfi, da inda ruwa ke juyawa, da inda yashi ke zaftarewa, da watan da ake barin kifi ya huta. Kowa ya san bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Mutane suna mamakin girman kifin da ake fitarwa daga ruwan Matan Fada, inda ake yin gasar, kamar wanda ya ci gasar 2020 mai nauyin kilo 78. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, wannan yanki na ruwa hana su ake yi a cikinsa har sai ranar biki, kuma duk dubban mutanen nan masu homa da gora babu mai tsoma ƙafa sai an ba da izini. Giwan ruwa ba ya kai wannan girma a ruwan da kowa ke shiga yadda ya so.

Saboda haka idan ka isa gari, ka fara da gaisuwa. Ka tambayi mai unguwa, ko masu sayar da kifi a kasuwa, su nuna maka gidan Sarkin Ruwa ko wani dattijon masunci. Ka je da ɗan goronka. "Baba, barka da hutawa. Baƙi ne mu, yara ne ke sha'awar fatsa, shi ne na ce bari in zo in nemi izini, a kuma nuna mana inda ya dace." Da wuya ka faɗi haka a kore ka. Galibi ma zai haɗa ka da wani yaronsa ya raka ku, kai kuma in an tashi ka san abin da ya kamata. Kuɗin da za ka ba wannan ɗan rakiya bai kai na hawa lilo sau uku ba, kuma shi ne kuɗi mafi amfani da za ka kashe a duk tafiyar.

Yanzu bari mu dubi abin da ke gabanmu a gida.

Babban ruwanmu shi ne Gulbin Sakkwato. Daga wajejen Funtuwa ya taso, ya biyo ta Gusau, ya wuce Bungudu, ya shiga ƙasar Maru da Maradun, ya zuba a tafkin Bakolori, sannan ya ci gaba har ya haɗu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. Gulbi ne mai fuska biyu. Da damina ya cika ya batse, ja wur da laka, yana jan itatuwa. Da rani kuwa ya koma yashi, sai gurabe nan da can, masu lambu suna haƙa suna ban ruwa. Wanda ya san shi a watan Maris kaɗai, bai san shi ba.

A nan ne matsalar take. Dogon hutun makaranta yakan faɗo ne a watan Agusta zuwa Satumba, daidai lokacin da gulbi ke kan ganiyarsa. Yara suna gida, ba aikin yi, ruwa kuma ya cika ko'ina. Ni a ganina, a wannan hutun bai kamata a kai ƙaramin yaro bakin Gulbin Sakkwato da sunan shaƙatawa ba, ko a Gusau ko a Bungudu. Gaɓar da ka taka jiya tana iya kasancewa ruwa ya cinye ƙarƙashinta cikin dare, saman ne kawai ya rage. Sannan ruwan da zai cika gulbi a Gusau ba dole ne a Gusau aka yi shi ba. Sama na iya zama garau a kanka, alhali an kwana ana sheƙa ruwa a can gabas, sai dai kawai ka ga ya iso. Hutun Disamba da na wajen Afrilu su ne na fatsa. Sallah kuwa tun da tana matsowa da kimanin kwana goma sha ɗaya kowace shekara, sai a duba a ga wane yanayi ta faɗo a ciki.

A Gusau, idan aka ce kamun kifi, hankalin kowa dam yake tafiya. Gaskiya ne ruwan da aka tare yana riƙe kifi duk shekara. Amma a tuna wannan dam ruwan shan gari ne, yana hannun hukumar ruwa ta jiha, kuma akwai masu gadinsa. A tambaye su. In sun ce ga iyaka, a tsaya a iyakar. Wuri biyu ne ba a zama ko da an ga wasu a can: kan ginin dam ɗin kansa, da kuma ƙasansa, inda ruwa ke zubowa. Kifi na son wurin, don ruwan da ke faɗowa yana ɗauke da iska da abinci, shi ya sa samari ke rububinsa. To amma ruwan da ya zubo daga sama yakan yi birgima a gindin gini, ya riƙa mayar da duk abin da ya faɗa ciki baya, ko gwanin iyo ne sai ya sha wuya. Ga shi kuma ana iya buɗe ƙofofi ba tare da kai ka sani ba. Manyanmu ba su manta da ƙarshen watan Satumban 2006 ba, lokacin da wannan dam ya ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, aka yi asarar rayuka da ɗaruruwan gidaje.

Bungudu garin bakin gulbi ne, kuma idan ruwa ya ja baya akwai gurabe da fadamu da suka dace da mai koyo: gaɓa mai gangare a hankali, ga masu lambu kusa, ga inuwa. Kasancewar mutane a wuri ita ce alama ta farko da nake dubawa. Inda ka ga mata na wanki, masu lambu na aiki, makiyaya na shayar da dabbobi, an san halin wannan ruwa. Inda ka ga wuri lumshi, shiru, ga kyau, amma babu sawun kowa, to akwai dalili. Ka tambayi dalilin kafin ka ce ka yi tsintuwa.

Ta ɓangaren Tsafe da Kwatarkwashi kuwa, ƙasar duwatsu ce. Abin da za ka fi samu shi ne korama da tafki da kududdufi, masu cika da damina su ƙafe da rani. Kada a raina su, akwai tarwaɗa a ciki, wani lokacin har da gaiwa, wadda ke shigewa cikin laka ta lulluɓe kanta ta yi watanni tana jiran ruwa ya dawo. Amma akwai irin kududdufin da nake so iyaye su sa wa ido: ramin da masu aikin hanya ko masu bulo suka haƙa suka ɗebi ƙasa suka bari. Tafkin Allah yakan fara da ɗan ruwa iya gwiwa, ya yi ta zurfi sannu a hankali. Ramin da injin ya haƙa bangonsa a tsaye yake. Taku ɗaya kana iya ƙugu, taku na biyu babu ƙasa, gefen kuma santsi, babu abin kamawa. Kuma irin waɗannan ramuka a bakin titi suke, inda matafiyi zai gani ya ce a tsaya a ɗan gwada.

Sai Bakolori, wanda shi ne babban tafkin jihar nan ta Zamfara. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya gina dam ɗin, aka kammala a 1978, kuma an tsara shi ya riƙe ruwa kimanin mita kubik miliyan 450, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Idan ka je, ka je da ladabi, don ƙarƙashin wannan ruwa akwai gonaki da gidajen mutane, kuma a watan Afrilun 1980 an zubar da jinin manoman da suka tashi neman diyya. Masuntan wurin sana'a suke yi, da kalli da mamari da birgi da gura. Kada yaro ya ga igiya ko gora tana yawo a kan ruwa ya jawo, tarkon wani ne, abincin gidansa ne. Idan kuma aka yi muku tayin shiga kwale-kwale, ka ƙidaya mutanen da ke ciki, ka tambayi rigar nan mai hana nutsewa. In babu, a gode, a zauna a gaɓa. Abin da ya faru a Gummi a watan Satumban 2024, inda kwale-kwale ya kife da manoma masu tafiya gona aka rasa mutane da dama, ya ishe mu.

Jama'a, akwai maganar da ba zan tsallake ba, don in na tsallake ta na ci amanarku. Duk wuraren nan da na lissafa, hanya ake bi a je su, kuma kun san halin da hanyoyinmu ke ciki. Titin Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa, da wanda ya bi ta Bungudu da Maru zuwa Talatar Mafara, an sha tare mutane a kansu. Bakin ruwa kuma, musamman wanda ya yi nisa da gari, mashaya ce ga kowa, na kirki da wanda ba na kirki ba. Don haka bayan mai ruwa, akwai mutum na biyu da za ka tambaya: wanda ya bi hanyar yau. Direbobin tasha, 'yan kasuwar da suka dawo da safe, ɗan'uwanka da ke zaune a garin, jami'an tsaron yankin. Labarin makon jiya ba shi da amfani. A fita bayan rana ta ɗaga, a dawo kafin La'asar ta yi sanyi, a faɗa wa na gida inda aka nufa, kuma kada a sanya hoto a Facebook ko WhatsApp ana cewa ga mu a wuri kaza sai an dawo. Idan zuciyarka ta yi maka nauyi, ka fasa. Yara za su yi fushi na yini ɗaya, su manta.

Ga wanda ya yi tafiya zuwa wani gari kuwa, ga abin da zai tarar. A Kaduna, filin shaƙatawa na Ƙofar Gamji a bakin kogin Kaduna yake, har da tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. Kusancin ruwa da wurin wasa kan sa a ɗauka duk abu ɗaya ne, alhali tikitin shiga fili bai ba ka izinin gangarawa kogi ba, sai ka tambayi ma'aikata. A Kano, bayan an gama da gidan zu na Audu Bako, masu mota sukan nufi Tiga, dam ɗin da aka kammala a 1974, ko Bagauda da ke kusa da ita, kuma duka biyun akwai masunta da za a iya nema. A Abuja, wanda ya kai yara Magicland ko Millennium Park zai ji ana zancen tafkin Jabi da dam ɗin Usuma. Na Usuma ruwan shan birnin ne, akwai tsaro a kansa, ba wurin da za ka bi ta bayan shinge ba ne. A ko'ina dai, mai masaukinka ya fi wayarka sani, mai sayar da ɗanyen kifi a kasuwar unguwar kuma ya fi mai masaukinka.

To, an sami izini, hanya lafiya, an isa. A ina za a zauna?

Nemi inda ruwa ya lafa. Kifi ba ya son ɓata ƙarfinsa a tsakiyar igiyar ruwa, yakan raɓe a bayan dutse, ko gindin itacen da ya faɗa ruwa, ko gefen ciyawa, yana jiran abin da ruwa zai kawo masa. Inda ƙaramar korama ta shigo babban ruwa wuri ne mai albarka. Karfasa tana son gefe mai ciyawa inda rana ke taɓawa. Tarwaɗa da ƙurungu 'yan ƙasa ne, sai ka bar ƙugiya ta sauka kusa da laka. Da zafi, sassafe da yamma kifi ya fi cin ƙugiya. Da hunturu kuwa ba sai an yi sammako ba, ruwa ya yi sanyi, kifi ya yi lakwas, sai hantsi ya ɗaga yake motsawa, wanda hakan ya yi daidai da mai yara, ya kuma yi daidai da halin hanya.

Kayan aiki ba sai an je kanti ba. Sandar gora, zaren nailan, ƙananan ƙugiyoyi, da ɗan guntun kara da zai yi yawo a sama ya nuna maka an taɓa. Abin sa wa ƙugiya kuma, tana ita ce gaba, a haƙo ta a gindin randa ko bakin lambu. Fara tana yi, hanjin kaza yana jan tarwaɗa, dusa da aka cuɗa da garin ƙuli-ƙuli tana tara karfasa. Mai koyo ya fara da ƙaramar ƙugiya. Yawancin masu dawowa hannu rabbana, ƙugiyarsu ce ta fi bakin kifin da ke wurin girma.

Ga wani ɗan abu da ba a kula da shi. Nauyin da ake maƙala wa zare don ya nutse, yawanci dalma ce, kuma za ka ga mai fatsa ya sa haƙori ya datse ta a jikin zaren, yaro na kallo, gobe shi ma ya yi. Mu a Zamfara ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kan dalma. A 2010 gubarta ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, sanadiyyar niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje. Ɗan nauyin fatsa bai kai wannan ba, amma dalma ba ta da ƙadarin da za a ce ba ya cutar da yaro, kuma a ƙwaƙwalwa take yin ɓarna. A ɗaura ƙaramin noti na ƙarfe ko tsakuwa, aikin ɗaya ne. Haka nan duk kududdufin da aka san ana wanke ƙasar zinariya a cikinsa ko a samansa, kifinsa ba na ci ba ne, ruwansa ba na wasa ba ne.

Idan an kamo, babba ne zai cire. Tarwaɗa da ƙurungu suna da ƙaya a gefen kai, ta ƙurungu ma takan miƙe ta ƙi kwanciya, sukarta kuma akwai zogi. In kuwa kuka jawo wani kifi mai taushi, mai kumburarren jiki da ɗigo-ɗigo, babu ƙaya a bayansa, kada a kama da hannu. Minjirya ce, tana da wutar da za ta iya jefar da babban mutum, balle yaro da ke tsaye a kan dutse mai santsi.

Shi kansa tsayuwa cikin ruwa, a rage shi. A ruwan da ba ya gudu sosai, irin na dam da tafki da gurbi, akwai ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ƙwayar takan fito ta yi iyo, ta huda fatar mutum ta shiga ba tare da ya ji ba, kuma ta fi yawa a ruwa da tsakar rana, daidai lokacin da yara ke son faɗawa wanka. Sai bayan makonni ko watanni a ga jini a ƙarshen fitsari. Har yanzu akwai masu cewa wai alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ba haka ba ne, ciwo ne, in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda, kuma mata ma suna kamuwa. Maganinsa praziquantel, ana samun sa a asibiti, a wasu lokutan ma ana raba shi a makarantu. Wanda ya ga alama ya kai yaro a auna shi.

Game da nutsewa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane wajen dubu 300 ke mutuwa ta wannan hanya a shekara, kuma ƙananan yara suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. Abin da ya kamata kowane uba ya sani shi ne, mai nutsewa ba ya ihu. Bakinsa na neman iska ne, babu sararin kira. Kana iya juya baya kana gyara ƙugiya, ka waiwayo babu yaro. Don haka a raba aiki: idan manya biyu ne, ɗaya na fatsa, ɗaya idonsa na kan yara, ba a kan waya ba. A tafi da doguwar igiya da jarka wadda babu komai a ciki, a rufe bakinta tam, a ɗaure ta da igiyar. In wani ya zame, a jefa masa jarkar ko a miƙa masa sanda, a jawo shi daga gaɓa. Sau da yawa gawa biyu ake fitarwa, ta wanda ya faɗa da ta wanda ya bi shi ba tare da ya iya ruwa ba.

Wataƙila wani yana saurare yana cewa, Malam, ai ka hana mu zuwa ko'ina. Ban hana ba. Ga ma wata hanya da nake ganin ta fi dacewa da mai ƙananan yara a halin da muke ciki: gonar kifi. A cikin Gusau da kewayenta akwai masu kiwon tarwaɗa, wasu a tankin siminti, wasu a tamfol, wasu a ramin ƙasa. Ka sami ɗaya daga cikinsu ku yi magana: "Alhaji, zan kawo yara su kama da ƙugiya, abin da suka kama a auna in biya kuɗin kilo." Ba kowa zai yarda ba, don wasu suna gudun a shigo musu da cuta ko a firgita kifi, kuma suna da gaskiya. Wanda ya yarda, a bi sharaɗinsa, a yi amfani da abin da ya ce a sa wa ƙugiya, kuma kifin da ƙugiya ta huda a saye shi, kada a mayar. Wani zai ce wannan ai ba fatsa ba ce, kifin da ke jiran abinci ne. Haka ne. Amma ɗan shekara bakwai da sanda ta lanƙwashe a hannunsa karon farko bai damu da wannan ba. Masu wuraren wasan yara ma da za su duba, ɗan tafki marar zurfi da shinge da ma'aikaci ɗaya ba zai fi ƙarfinsu ba, kuma ba ya cin man janareta kamar injinan lilo.

Saura abin da ba a yi. Dokar kamun kifi ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da wutar lantarki. Masu zuba Gamalin ko wani maganin ƙwari a gurbi don kifi ya taso, da masu daka magimfa su watsa, suna kashe babba da ƙarami, sannan ga masu shan ruwan a ƙasa, mutane da dabbobi. Gidan sauron da aka raba don kare yara daga zazzaɓi shi ma ba koma ba ne: idonsa ƙanana ne, yana kwashe har 'ya'yan kifi, ga kuma magani a jikinsa. Idan yaro ya kamo ɗan kifin da bai kai tsawon yatsa ba, a jiƙa hannu, a cire ƙugiya a hankali, a sake shi. Karfasar da aka ga bakinta cike da ƙwai ko 'ya'ya, uwa ce tana reno, don a baki take ɗaukar su, ita ma a mayar da ita. Guntun zare da ledoji da ƙugiyar da ta lalace a tattara a tafi da su, akwai shanu da awaki da yara marasa takalmi da za su biyo bayanku.

Wanda za a ci kuwa, a fasa cikinsa a wanke tun a can, a sa gishiri, a rufe da ɗanyen ganye a inuwa, don zafin garin nan ba ya ba ɗanyen kifi awoyi da yawa. Tarwaɗa ita ce mai sauƙi, tana shaƙar iska, in an sa ta a bokiti da ɗan ruwa za ta iso gida da ranta. A dafa shi ya nuna sosai. Kuma in an zo rabo, a tuna da gidan dattijon da ya ba da izini, ko da guda biyu ne.